Gawayin Kilomita Biyar Ya Zama Lantarki

Jiya da hantsi wutar lantarki ta ƙona mini riga. Na san duk wanda ke zaune a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui zai ce ƙarya nake yi, domin tun da sojoji suka sake fitowa daga bariki suna neman albashinsu da bakin bindiga, ƙwan fitilar ɗakina bai ƙara ko ƙiftawa ba, har gizo-gizo ya saƙa masa hula. Ku yi haƙuri da ni. Dutsen gugar na gawayi ne, garwashi ne ya faɗo daga cikinsa ya huda mini farar shadda daidai saitin zuciya. Amma hukuma ta riga ta sanar da mu cewa gawayi lantarki ne, ni kuwa ba na jayayya da hukuma, balle a wannan lokaci da kowa ke da bindiga sai ni.

Rigar ba ta zuwa kasuwa ba ce, ta zuwa gidan su Ikilima ce. Na karanta littattafai masu yawa a kan soyayya, na Larabci da na Faransanci, ban ga wanda ya iya kwatanta yadda yarinyar nan ke rufe baki da gefen mayafi in dariya ta zo mata ba. Mahaifinta ya amince da ni, kawunnanta sun amince. Saura kakarta, 'Yargoggo, wadda a gidan ba a sa ko ranar wankin tukunya sai da izininta. Sharaɗinta guda ne: ba za a sa ranar biki ba sai wuta ta dawo unguwa. Tana da hujja. A boren baya aka aurar da yayar Ikilima cikin duhu, masu rakiya suka bi lungu suna guɗa, suka ajiye amarya a ƙofar wani tela ɗan unguwar Miskine, wanda ya fito ya yi godiya ƙwarai. Tun ranar ta rantse. Ga shi kuma mahaifin Ikilima ya ce in harbe-harben nan ba su lafa ba, bayan Sallah zai kwashe iyalinsa zuwa garin Garwa. Wato ko wuta ta dawo kafin Sallah, ko in tsaya a bakin titi ina ɗaga wa mota hannu.

Kuna iya gane halin da na je taron ranar Talata da shi, da aka ce za a turo mana wani kota zo, wato babban mutum in ji masu yaren Sango, ya yi mana bayanin wuta. Mai Girma Shugaban Kwamitin Auna Zafin Gidaje ne, Allah ya ƙara masa sanyi. Ya zo da jerin motoci, aka bar injinansu na aiki har aka tashi don kada kujeru su ɗumame. Mu da muka wuni a layin kananzir muka tsaya kusa muna shaƙar hayaƙin, ko ba komai mun tuna da ƙanshin mai. Aka kafa masa allo a gindin mangwaron da ke gaba da Masallacin Koudoukou kaɗan, ya ɗauki alli.

"Kun ce ba ku da wuta," in ji shi. "Kimiyya ta ce kuna da ita."

Ya yi bayani dalla-dalla, kuma wallahi ya iya. Duk abin da ke ci da wuta yana fitar da ƙarfi, ana auna ƙarfin da megajul. Mitar da ke bangon gida kuwa da kilowat-awa take ƙirga nata. Abu ɗaya ne, mudun ne ya bambanta: kilowat-awa ɗaya daidai yake da megajul uku da ɗigo shida. Kilo guda na gawayi yana ɗauke da kusan megajul talatin. In ka raba da uku da ɗigo shida, ka sami kilowat-awa takwas da 'yan kai.

"Wace mace ce a nan ba ta ƙona kilo guda a wuni?" Ya dubi mata. Babu wadda ta musa.

Ashe kwamitin ya riga ya zaga unguwa. Sun ƙirga murhu, sun ƙirga tukubar tsire, tandun burodi, kaskon ƙosai, har da kaskon turaren wuta na tsofaffi. Da suka tara megajul ɗin suka raba, sai ta bayyana cewa Kilomita Biyar ta fi kowace unguwa a Bangui shan lantarki. Saboda haka adalci ya wajabta ɗan abin da ya rage a kan waya a tura shi unguwannin marasa galihu, bayin Allah masu dogayen katangu da ba su da ko murhu ɗaya a tsakar gida.

Na sake yin lissafin a tafin hannuna. Daidai ne. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ƙarya ya yi mana da mun san yadda za mu yi da ita, mun saba.

Maƙwabcina Sha'aibu mai tsire ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni tukubata ba ta mutuwa daga azahar. Tashar wuta ce ke nan?"

"Ƙaramar tasha," in ji Mai Girma, bai ko yi murmushi ba.

"Singila, na gode. To a taimaka a haɗa mini firij da ita, nama na lalacewa."

Mai Girma ya ce wannan batun haɗi ne, wani kwamitin ke kula da shi, kuma ba a riga an kafa shi ba.

"To su sojojin nan fa?" in ji Sha'aibu. "A gaya musu albashinsu na nan a megajul mana, su raba su koma bariki mu huta."

Daidai nan aka ji tas-tas daga can wajen kogi. Ban taɓa ganin an rufe taro da sauri haka ba. Ko addu'a ba a yi ba, allon ma nan aka bar mana shi. Yanzu Sha'aibu ke kare iska da shi.

Mutane suka watse suna tsaki, ni kuwa zuciyata sai tsalle take yi. Sharaɗin 'Yargoggo shi ne wuta ta dawo. Hukuma ta ce ba ta ma taɓa tafiya ba. Wa ya isa ya ce hukuma ba ta san wuta ba? Shi ya sa na tashi guga jiya, shi ya sa na tafi da hujin a ƙirji, ina rufe shi da hannu kamar mai rantsuwa.

Na tarar da ita a tsakar gida tana fifita murhu. Labulen ɗaki yana motsi, na san wa ke bayansa.

"Kaka, barka da wuni. Albishir na kawo."

"Ɗan boko, me ya ci maka riga?"

"Lantarki, Kaka."

Na durƙusa na zana mata komai a ƙasa da tsinke. Megajul talatin, a raba da uku da ɗigo shida. Na nuna mata murhunta na ce wannan kaɗai ya isa ya kunna ƙwan fitila goma daga safe har magariba. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba, abin da ba ta taɓa yi wa mahaluki ba.

"Wato yanzu haka muna da wuta."

"Har ta yi mana yawa, Kaka. Shugaban kwamiti ne ya faɗa."

"Sai dai ba a ganinta."

"Mudun ne daban."

Ta gyaɗa kai. "Madalla. To ai shi ke nan, an ɗaura. Na ba ka Ikilima a wannan mudun naku. An yi walima, an ci an sha, an kai amarya, kuma ba a ɓata ƙofa ba. Tashi ka tafi gida, ango, Allah ya ba da zaman lafiya."

Daga bayan labule aka ce, cikin muryar da ake danne dariya, "Ni dai, Kaka, a kilowat nake son nawa auren."

"Kin ji ki," in ji 'Yargoggo. "Kai kuma miƙo mini gawayin can, tashar tawa za ta mutu."

Na miƙa mata.

Saboda haka, Mai Girma Shugaba, ba ƙorafi na kawo ba, taimakon lissafi nake nema, tunda kai ne gwani. Sallah ta matso, direban Garwa ya riga ya zo ya duba yawan kaya. Ango guda a megajul, in an raba shi da uku da ɗigo shida, me ya kamata ya fito? Na yi ta gaba, na yi ta baya, na ba Sha'aibu ya gwada a allonka. Kullum tuzuru yake ba mu.