Lamba Goma Sha Bakwai

"Ni zan ƙera muku hanyar magana da ba ta da mai gida," in ji Injiniya. "Waya ta faɗa wa waya. Ba mai toshewa, ba mai gogewa, ba wanda zai san mai magana. Ko aljani ya zo sai ya koma da kunya."

Injiniyan nan, aboki, mai gyaran waya ne, shi ya raɗa wa kansa sunan. Ka kai masa waya ba ta ji, ya dawo maka da ita ba ta gani.

Ga abin da ya jawo cika bakin. Shekara biyu rufin kasuwarsu yana yoyo. Duk wanda ya yi ƙorafi a zauren 'yan kasuwa na waya, Shugaban kasuwa ya goge saƙon, washegari a mayar da mutum shagon ƙarshe, jikin bayan gida. Mai takalma ya yi wata uku a can, har yau hancinsa bai dawo ba.

Kwana tara Injiniya yana danne-danne. Ya zuba abin a wayar kowa, ya ba kowa lamba a madadin suna.

Sai ga cikas. Waya ba ta jin 'yar'uwarta sai suna kusa, taku goma. Masu sirri suka taru a ƙofar shagonsa da rana tsaka, kowa ya ɗaga waya sama. Shugaba yana kallonsu daga bene, yana sakace.

"Injiniya, wannan sirri ne ko gwanjo?" in ji Tela.

"Baba Tela, kimiyya ba ɗinki ba ce. A ƙaro wayoyi, hanya ta yi tsawo."

Kafin yamma surukin Shugaba, mai sayar da tsofaffin wayoyi, ya zo da kwali. Guda arba'in, wai gudummawa. Injiniya ya zuba musu abin yana washe baki, aka rarraba su lungu-lungu. Ɗaya ta haye bene, ta zauna kan teburin Shugaba.

"Surukinsa ka sa a ciki?" in ji mai takalma. "Kai, kanka ɗaya kuwa?"

"Ya karanta mana! Lamba zai gani, ya dafa ta ya ci."

Tela ya sa tabarau. Ya dubi lambarsa, ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofar shagonsa, ya mayar da waya aljihu. Ya raɗa wa mai takalma wani abu, shi ma ya raɗa wa na kusa da shi. Kwana uku ba wanda ya rubuta ko sannu.

"Matsorata!" in ji Injiniya. "Na gina muku titi kuna bin kwata. Ku ga yadda maza ke yi."

Ya zauna ya rubuta: "Shugaba kan tulu, cikin randa. Rufi na yoyo, shi yana sakace. Ɓera ya fi shi amana." Ya aika, ya harɗe ƙafa.

Bai sauke ƙafar ba Shugaba ya sauko, waya a hannu, rabin kasuwa a bayansa.

"Injiniya, wane ne goma sha bakwai?"

"Ranka ya daɗe, ko ni da na ƙera abin ban isa in sani ba."

Shugaba ya dubi sama. Yatsa ya ɗaga. A saman ƙofar Injiniya ga goma sha bakwai da jan fenti, rubutun hannunsa. Ashe da ya ga mutane sun yi masa yawa, don kada ya rikice, lambar shagon kowa ya ba shi.

"Goge saƙon nan," in ji Shugaba.

"Ba ya goguwa, ranka ya daɗe."

"Me ka ce?"

"Haka na ƙera shi. Yana cikin kowace waya." Ya haɗiye yawu. "Arba'in daga cikinsu ma na surukinka ne."

"To, madalla. Tun da ka zo kasuwar nan, yau ka yi gyaran da ya zauna. Kwashe kayanka."

Tela ne ya kama masa benci. Da suka doshi shagon ƙarshe ya ajiye nasa ɓangaren daga nesa, ya toshe hanci.

"Ƙarasa da kanka, Injiniya. Sirri dai ka samu. Nan ko waya ba za ta matso ka taku goma ba."