Ranar Da Aka Cire Bilkisu Daga Aji Uku

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai kaina makarantar firamaren garinmu Roni ba. Lokacin ina malamin gona, a shekarun nan da gwamnati ta buɗe karatu kyauta, ajujuwa suka cika maƙil har wasu yaran a gindin bishiya suke zama.

'Yata Bilkisu tana aji uku. Tun da mahaifiyarta ta rasu yarinyar ta rage magana, sai ka tambaye ta sau uku ta ba ka amsa guda. Wata rana ta dawo ta durƙusa ta ce, "Baba, an cire ni daga ajinmu." Ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa ban tambayi dalili ba (ai a ganina na riga na gane komai). Marainiya ce, ba ta da baki, an ga wuri ya yi ƙaranci an kore ta.

Washegari na zura babbar riga na tafi. Na tarar da ɗalibai sun yi layi a fili, hedimasta Malam Sule yana yi musu jawabi. Dattijo ne sa'an mahaifina, amma ko gaisuwa ban tsaya yi ba. Na ɗaga murya na ce zalunci ne, na ce sai ofishin ilimi na Kazaure ya ji wannan magana, har da 'yan kalmomin Turancina na zuba (waɗanda na lura malamai biyu suna cije leɓe a kansu).

Malam Sule ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. An tashi lafiya?"

Na sassauta murya. Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Gaskiya ne mun cire ta daga aji uku. Aji biyar muka kai ta. Yarinyar nan kafin malami ya gama rubuta lissafi a allo ta gama shi a ka, sai ta zauna tana kallon taga. Wata biyu ke nan malamarta tana tsayawa da ita bayan an tashi, muna so mu shirya ta don jarrabawar shiga sakandare. Sau biyu na aika a kira ka, aka ce kana ƙauye wajen rabon iri."

Ɗalibai suka zuba mini ido. Da yaran sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Na hango Bilkisu a layin manya, 'yar mitsitsiya a cikinsu, kanta a ƙasa. Ashe gida ɗaya muke kwana, amma wasu ne suka san abin da ke cikin kan 'yata.

Na cire hula na durƙusa a gaban ɗalibai na ba dattijon haƙuri. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya ce, "Ba komai. Ka dai riƙa zama da ita da yamma, ta karanta maka ko jarida ce."

Na yi hakan, kuma a zaman nan ne bakinta ya dawo. Ta ci jarrabawar, yau ita ke duba marasa lafiya.

Tun daga ranar, in aka faɗa mini magana sai na ce "sai kuma me?" kafin in miƙe. Ita aka ƙara wa aji biyu. Ni kuwa da adalci za a yi, aji ɗaya za a mayar da ni.