Rasuwar Kaset ɗin Opanyin Antwi

Da zuciya cike da baƙin ciki, iyalan Opanyin Kwadwo Antwi na Bantama, Kumasi, suna sanar da rasuwar kaset ɗinsa na bidiyo, wanda ya cika ranar Lahadi da la'asar a cikin na'ura, ana tsaka da kallo.

Marigayin ya zo gidan tun Opanyin yana saurayi mai rumfar nuna finafinai. Labari ɗaya ya sani: wani Bature mai gyaran firiji ya shiga firijin, ya fito a zamanin kakansa, kakan ya sace masa takalma. Bai taɓa gajiya da maimaitawa ba. Da an tura shi sai ya yi "ƙiririri, kap," ya yi 'yar rawa, sannan ya kama aiki.

Shi ne ya haɗa auren gidan nan. Maame Serwaa, uwargidan Opanyin a yanzu, tana soya ayaba a ƙofar rumfar, ta leƙo, ta yi dariya har kaskonta ya ƙone. Opanyin ya saye ƙonanniyar ayabar duka.

Tsufa ya fara taɓa shi daga murya, Baturen ya koma magana kamar mai mura. Sau da yawa Opanyin ya yi masa tiyata da sukudireba da jan farcen Maame, kaset ɗin yana tashi. A wannan karon na'urar ta tauna shi daidai inda kakan ke gudu da takalman. Opanyin ya zaro shi a hankali, zaren ya biyo hannunsa kamar taliya. Maame ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Maigida, ƙyale shi haka. Ya yi mana iya yinsa."

Ya rasu ya bar kwalinsa da ya koɗe, da na'urar da iyali suka yafe wa, da 'yan unguwa masu furfura da suka haddace shi kaf ba tare da jin rabin Turancinsa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a gindin mangwaron gidan, cikin kwalin takalmi. Tunda da tsufansa ya tafi, fararen kaya za a saka bisa al'adar garin. Akwai sakwara da miyar akuya. Surukin gidan, Yaw, ya samo fim ɗin tas a wayarsa. Ana roƙonsa ya bar ta a aljihu sai bayan kwana arba'in.