Yadda Za Ka Koya Wa Ɗan Yukren Turanci Ba Tare Da Ka Buɗe Ƙamus Ba

Kana da abokin aiki ɗan Yukren da ya maƙale maka sai ka koya masa Turanci? Kwantar da hankalinka. An gwada wannan hanya a wani kamfanin kargo da ke Dubai Investments Park, a kan wani Ostap mai tuƙa motar ɗaga kaya. Bizarsa ta kusa ƙarewa, kamfani ya ce wanda ya iya magana da kwastoma kaɗai za a sabunta wa, kuma sai an yi intabiyu. Salmanu, mai karɓar 'yan kasuwarmu a kamfanin, ya ce a bar masa shi. Bi sawun Salmanu, na rantse ɗalibinka zai ci.

1. Ƙwace wayar

Zai zo maka da manhaja mai jero kalmomi, na yarensu a hagu, na Turanci a dama: tebur, jirgi, rasit. Karɓe ta. Tebur bai taɓa ɗaukar kowa aiki ba. Salmanu ce masa ya yi, "Habibi, kai ba kalmomi ka rasa ba, gaisuwa ka rasa. Kullum sai ka faɗo wa mutane kamar ɗan sanda."

2. Fara da gaisuwa, ka zauna a kanta

Juya masa tamu zuwa Turanci kaf: kwana, gajiya, aiki, zafi, iyali, har tarin da ya ji kana yi jiya. In ya tambaya ko haka Turawa ke yi, ka ce masu tarbiyyar cikinsu.

3. Yi atisayen fassara da mahaifiyarsa

Sa shi ya kira ta a hutun rana, yana juya maka maganarta. Za ka ji tsohuwa ta tafi kai tsaye: ka ci abinci, ka sa hula? Kada ka yarda. Salmanu ya sa Ostap ya mayar da gaisuwar nan zuwa yarensu ya jero mata, tun daga kwana har maƙwabta. Sai ta ce ya faɗa mata gaskiya, a wane asibiti aka kwantar da shi.

Wannan alama ce karatu ya fara shiga.

4. Cire masa yabon kai

Manhajar ta koya masa ya ce shi ƙwararre ne. Mutum da bakinsa! Koya masa in an tambaye shi me ya iya, ya sunkuyar da kai ya ce ana dai taɓawa.

5. Ranar intabiyu, leƙa ta gilashi

Ostap ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya rusuna, ya tambayi manaja gajiya. Manajan mutum ne mai sauri, yana ta yalla yalla, wato a yi maza, Ostap ko kan gaisuwar yara bai kai ba. Da aka tambaye shi me ya iya, ya ce ana taɓawa. Manaja ya rufe fayil.

Sai ga wani kwastoma, Alhaji Gidaɗo daga Kano, ya bankaɗo ƙofa, yana faɗa kan kwantenarsa da ta makara. Ostap ya juya ya gaishe shi. Dole Alhaji ya amsa, ai ba a ƙetare gaisuwa. Kafin su iso kan mutanen gida Alhaji ya samu kujera, ya nemi shayi, yana tambayar wannan Baturen ɗan wane gida ne.

Manaja ya sake buɗe fayil.

6. Karɓi sakamako da hannu biyu

An sabunta bizar Ostap. An kuma ba shi kujerar Salmanu. Da Salmanu ya je jin ba'asi, manaja ya ce, "Kai in alhazai sun zo, daga gaisuwa sai siyasa, sai ƙwallo, har azahar. Shi gaisuwar kawai ya iya, tana ƙarewa sai aiki. Khalas, shi ke nan."

Yanzu Salmanu na ɗakin sanyi, yana kula da katan-katan na kaji.

A kula: mun yi alkawarin ɗalibi zai ci, ba mu ce komai a kan malami ba. Wanda abin ya faɗa wa kada ya neme mu. Akwai rigunan sanyi masu kauri a kasuwar 'yan Sin ta International City, ya je da kansa.