Ranar da Na Nema wa Hadiza Izinin Zama

Ranar da za mu ofishin shige da fice na Guangzhou nema wa matata Hadiza izinin zama, na hana a kira tafinta. Ni da nake yi wa baƙin Kano cinikin takalma da Sinanci a kasuwar Zhanxi Lu, wa zai fassara mini?

"Ke dai ki yi shiru, ki yi murmushi," na ce mata.

"To, Alhaji."

Jami'ar da muka tarar ta duba takardunmu, ta tambayi mece ce Hadiza a wurina. Na gyara hula na ce, "Laoban." Laopo nake nufi, wato mata. Laoban kuwa shugaba ne. Ta sake tambaya, na maimaita har da dafa ƙirji. Sai ta turo mana takardun, ta ce izinin na iyali ne, ba na yaron shago da uwar ɗakinsa ba.

Hadiza ta matso, ta yi mata Sinanci a natse, tiryan-tiryan. Ashe tun a Kano take koyo a waya. Jami'ar ta rufe baki tana dariya, ta jawo takardun gabanta.

A waje na tambayi Hadiza me ta ce mata.

"Cewa na yi duka biyun gaskiya ne."

Izini ya fito, labari ma ya fita. Har yau in na idar da Juma'a a Masallacin Huaisheng, sai wani ya riƙe hannuna: "Alhaji, Laoban ta san ka fito?"