Ma'amul Ɗin Manar

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya azumi, amarya? Ko har yanzu ƙuruciya ba ta bari kin fara ba?"

"Ina azumi tun ubanka bai san hannun damansa ba. Shigo da yaran daga rana, mijin banza."

Ranar ashirin da bakwai ga Ramadan ce, bayan azahar, a gidan Hajiya Hure da ke unguwar Utaibiyya a Makka. Duk shekara a wannan rana take tara yara a yi ma'amul ɗin Sallah, cincin ɗin nan mai dabino a ciki wanda mutanen Makka ba sa tarbar baƙon Idi sai da shi. Jikanta Abdulilah, mai shagon kayan mota a Rusaifa, ya zo da 'ya'yansa biyu, Manar da ƙaninta Taha, da fulawa, da kwalbar man masara. Manar shekararta bakwai, kuma jikinta ba ya karɓar madara, ko ƙwai, ko man shanu. Bara loma ɗaya ta kai ta asibiti ranar Idi. Bana ubanta ya yi mata alkawari za ta ci ma'amul ɗin da ta buga da hannunta.

Ya tarar Hajiya ta riga ta kwaɓa nata tun safe, ta rufe shi da ƙyalle a wata tasa. Ta dubi kwalbar da ke hannunsa.

"Wannan na injin wace motar ne?"

"Na Manar ne. Da shi za mu kwaɓa namu."

"Ma'amul ba samin? To ka yi tuwo ba gari mana, ka kira mu walima."

Samin shi ne man shanu a bakin mutanen garin, kuma a wajen Hajiya Hure yana biye da ruwan Zamzam a daraja.

"Sabo turken wawa," in ji Abdulilah. "Ke fa samin ɗin nan ne ya cinye miki haƙora. Saura huɗu, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Huɗun nan sun tauna naman raƙumi. Kai da talatin da biyunka, burodi sai an jiƙa maka a shayi."

Ya naɗe hannun riga, ya zaunar da yaran, suka zuba fulawa da mai da ɗan ruwa. Taha ya fi ba da ƙarfi wajen dabinon, yana mulmula ɗaya yana haɗiye biyu, tunda shi azumi bai hau kansa ba. Da aka zo bugawa, Abdulilah ya ciro wata 'yar roba mai siffar tauraro da ya sayo don a bambanta na Manar da na sauran jama'a.

Hajiya ta ce, "Mayar da ita aljihu. Ba a gasa abin wasan yara a murhuna. Duk abin da zai fita gidan nan, da ƙalib ɗina za a buga shi. So kake baƙi su ce tattaɓa-kunnen Hure tana cin na marayu?"

Ƙalib ɗin wani ɗan katako ne mai rami da zane, ya yi baƙi don tsufa.

"Wannan ai sa'anki ne. Tare aka sassaƙo ku?"

"Tare. Shi ya sa muke da fasali. Kai kuwa da ganinka aikin inji ne."

Abdulilah ya wanke katakon da sabulu har sau uku don kada maiƙon bara ya taɓa na 'yarsa. Hajiya tana zaune tana kallonsa, ba ta hana shi ba. Aka fara buga na Manar, aka jera a faranti ɗaya, sannan aka buga na Hajiya a wani farantin irinsa sak. Ya saka su a murhu, na Manar a sama, na Hajiya a ƙasa, ya faɗa da ƙarfi har sau biyu.

"Sama na Manar, ƙasa naki. Kin ji, ko in rubuta miki a allo?"

"Tafi masallaci, an kira la'asar. Ka roƙa wa kanka hankali."

Da ya dawo, farantan biyu suna kan tebur suna huci, kowanne ya yi ja daidai da ɗan'uwansa.

"Wanne ne na saman?"

"Saman farko ko saman ƙarshe?"

"Ban gane ba."

"Ai murhun nan ƙasansa ya fi wuta. Dole a riƙa sauya musu wuri, in ba haka ba ɗaya ya ƙone. Shekara arba'in haka nake yi."

"Sau nawa kika sauya?"

"Biyu. Ko uku. Maƙwabciya ta kira ni a waya."

Abdulilah ya tsaya a kan farantan. Zane ɗaya, girma ɗaya, kuma duk babban da ke gidan bakinsa a rufe yake har magariba. Ya ba Taha ɗaya daga kowane faranti. Taha ya tauna cikin natsuwa irin ta alƙali, ya ce bai gane ba tukuna, sai an ƙara masa.

"Malamai sun ce mai girki tana iya ɗanɗanawa ta tofar," in ji Hajiya.

"Ke? Yaushe kika taɓa tofar da abu mai daɗi? Kuma ko kin ɗanɗana, ba zan ɗora numfashin 'yata a kan harshen da ya manta biyu ne ko uku ba."

Wannan karon babu dariya a muryarsa. Ya durƙusa gaban Manar.

"Ki yi haƙuri, Manar. Ba za ki ci wannan ba. Gobe in sha Allahu mu sake wani a gidanmu."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dai goge fulawar hannunta a riga, ta ce, "Ba komai, Baba. Dama na saba."

Hajiya Hure ta yi gyaran murya. Ta gyara mayafi. Ta dubi silin kamar yau ta fara ganinsa.

"Ba ta ta ci."

"Daga wanne?"

"Duk wanda ta ga dama. Babu samin a ko ɗaya."

"Me kika ce?"

"Kunnen ma na ado ne kamar hancin? Tun azahar kake tsaye a kan kwaɓina, ba ka ji babu ƙamshin samin ba? Da mai na kwaɓa. Buɗe kabad ɗin can."

Ya buɗe. Ga gwangwanin samin ko hatiminsa ba a ɓalle ba, ga kwalbar man masara a gefensa ta yi rabi.

"La ilaha illallahu! Tsohuwar nan! Kika bar ni ina dirzar katako da bakin azumi?"

"Dama yana bukatar wanki."

"Kika ce tuwo ba gari!"

"Kuma ban janye ba. Amma ni na kwana a asibiti bara, kana can kana neman wurin ajiye mota."

"Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Bari a sha ruwa, gida-gida zan bi Utaibiyya in shaida musu Hure sarauniyar samin ta koma man inji."

Manar ta riga ta kai na biyu baki, ɗaya daga kowane faranti. Hajiya ta dube ta, dariya ta ƙwace mata har haƙoran nan huɗu suka bayyana. Ta ɗauko gwangwanin ta dangwara wa Abdulilah a hannu.

"Ungo toshiyar baki. In maƙwabta sun tambaya, ka ce kai ka lalata min girki. Kowa zai yarda."