Rasuwar Askar Baba Mai Ƙotar Hauren Giwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haɓa mai cike da gemun da ba a shirya tara shi ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar askata mai ƙotar hauren giwa. Ta cika a hannuna da hantsi, a kan teburin ɗakin kwana, bayan gajeriyar jinya wadda mai jinyar ne ya gajarta ta.

Marigayiyar ta girme ni. A hannun mahaifinmu na buɗe ido na gan ta, ƙotarta ta riga ta rikiɗe daga fari zuwa launin madarar da aka dafa. Mai kunya ce, kullum bakinta a naɗe cikin ƙota. Ba ta taɓa yankan kowa ba sai wanda ya yi gaggawa. Maganarta kaɗan ce: shaf, shaf a kan fata in ana wasa ta, ƙurr a kan kunci, sannan ƙyat in an rufe ta.

Da Baba ya rasu, ni da yayana duk muka sa mata ido. Ni na yi nasara, da hujjar cewa Yaya mutum ne mai sakaci, wanda ya taɓa mantawa da lemarsa a cikin ruwan sama. Na yi wa dangi dogon bayani a kan hauren giwa: yana shan danshi ya kumbura, in ya bushe da sauri ya tsage, in ruwa ya kwanta a wajen ƙusa tsatsa ta ci ƙarfen ta tura ƙotar. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To malam, riƙe ta." Bai sake tayar da maganar ba.

Na riƙe ta kuwa. Bayan kowane aski sai na goge ta da busasshen ƙyalle, na hura tsakanin ƙota, na ɗiga mata man keken ɗinki a ƙusa, na kwantar da ita a aljihun tebur, nesa da banɗaki. Na kuma kafa doka a gidan: duk wanda ya taɓa ta, ko da niyyar alheri ne, ya taɓa ni.

Ciwon ajali ya same ta wata safiya ina tsakiyar aski. Shugabana a wurin aiki ya kira ya ce mota na jirana, tafiya ta taso. Na ajiye ta a bakin wurin wanke hannu, a ƙarƙashin famfon nan mai ɗiga da na daɗe ina alkawarin gyarawa, na fita da rabin fuska a aske. Sai da na yi kwanaki na dawo. Na tarar da ita a jiƙe sharkaf, jan tsatsa ya zagaye ƙusar, ƙotar ta kumbura har bakin ya ƙi rufuwa.

Na tambayi mai ɗakina ko ba ta gan ta ba.

"Na gan ta mana, kullum sai mun gaisa," in ji ta. "Na kira ka sau ba adadi ba ka ɗauka ba. Kuma Baban yara, wa ya kafa dokar?"

A nan ne ilimina ya gudu ya bar ni. Na ɗauko abin busar da gashinta, na murɗa shi zuwa ƙarshen zafi, na kafa wa mara lafiya. Mai ɗakina tana ce mini, "Ba kai ka ce a hankali ake busar da shi ba?" ina ce mata wannan na gaggawa ne. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce ƙas. Ƙotar ta dare gida biyu, daga ƙusa har gindi. Mai gyaran agogon da na garzaya da ita wurinsa ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar fatar wasa ta, wadda ke rataye a ƙusa ba aikin yi, da buroshi da gashinsa ya fara zuba, da kwanon sabulu, da wata rezar roba da ke cewa su dangi ne, amma iyali ba su tabbatar ba.

Sanar da Yaya ya fi komai nauyi. Na kai masa ita a ƙyalle, na shirya jin abin da na cancanta. Ya daɗe yana shafa ɓarin ƙotar da babban yatsa, daidai inda yatsan Baba ya lotsa ta. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Ka ga yanzu ta rabu daidai," ya ce. "Ba ni wannan ɓarin."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gidana. Ɓari ɗaya zai kwanta a aljihun teburina tare da ƙarfen, ɗayan kuma Yaya zai tafi da shi. Masu ta'aziyya su shigo ta falo, su kuma yi haƙuri da fuskar mai karɓar gaisuwa. Iyali sun yanke shawarar ba za a yi wa mamaciyar wanka ba. Ta sha ruwa ya ishe ta.